Kwana Uku a Tsibirin Agwada: Yadda Tafkin Lagdo Ya Raba Ni da Makullin Shago

Duk wanda ya san unguwar Domayo da daddare ya san ƙamshin gasasshen kifi. Da an idar da sallar isha'i sai ka ga hayaƙi ya turnuƙe bakin titi, mata na fifita garwashi, ga karfasa da giwan ruwa an jera a kan waya, 'yan moto na ta kai da kawo. Shekara 27 ina bin titin nan kowane dare daga kasuwa zuwa gida, kuma na sha tsayawa a ƙunshe mini kifi in kai wa yara. Amma ban taɓa tambayar daga wane ruwa aka kamo shi ba. Ni dai abin da na sani farashi ne.

Atamfa da shadda da leshi nake sayarwa a babbar kasuwar Marwa. Daga Fagge na zo ina saurayi, na biyo wani kawuna da ke kawo kaya daga Kantin Kwari, har Allah Ya sa na tsaya da ƙafata. Tun ranar da na buɗe shagon kaina, in ka cire safiyar Sallah da lokacin da na sauke farali, ban taɓa kwana biyu a jere ban zauna a kan tabarmar shagon ba. Ko Kano zan je saro kaya, a tsaye nake yi, in juyo. Da rikici ya toshe hanyar Banki da Amcide a 2014 muka koma zagaye ta Mubi da Yola, ban rufe ba. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, ban rufe ba. Har alfahari nake yi da hakan a majalisa.

To, jiki magayi. Wata ranar Alhamis ina auna wa wata mata shadda, sai na ga duhu ya rufe mini ido, yadin ya suɓuce daga hannuna. Da na farfaɗo, kaina na kan cinyar babban ɗana, makwabta sun cika shago. A asibiti likita ya ɗaura mini abin awo, ya dube ni ya ce 18 da 11, wato abin da a Najeriya za a ce 180 bisa 110. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, sannan ya ce in huta. Na yi dariya na ce masa, "Likita, ɗan kasuwa ai sai a kabari yake hutawa." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, in haka kake so, ka kama hanya."

Kuɗin adashi

Na sha maganin, amma hutu ban yi ba. Wata biyu Hajiya tana bi na da magana ina zillewa. Da farkon watan Janairu, kasuwa ta yi sanyi bayan bukukuwan ƙarshen shekara, sai ta shigo ɗakina da daddare ta ajiye wata jaka a gabana.

"Alhaji, na ɗauki adashina. Na kuma yi magana da amininka na Garwa, ya kama mana wuri a Lagdo. Kwana uku. An riga an biya rabi."

Na ce, "Wa zai zauna a shago?"

Ta ce, "Wanda ya tallafe kanka ranar da ka faɗi."

Ɗan fari ne, shi ya sa daga ni har ita ba ma kama sunansa. Shekararsa 26, shekara takwas yana shago tare da ni. Ya san kowane turmi, ya san wanda ke zuba da wanda ba ya zuba, yana jin Fulatanci da Faransanci fiye da ni nesa ba kusa ba. Amma makullin akwatin kuɗi da littafin bashi ban taɓa sakar masa ba, ko na yini ɗaya. Ba don na taɓa kama shi da wani abu ba. Haka kawai na saba.

Da kuɗina ne da na ce a bar shi ya tafi. Amma kuɗin adashin mace, wanda ta yi wata goma tana zubi, ba abin da namiji mai kunya zai bari ya salwanta ba ne. Ranar Lahadi da asuba na miƙa wa yaron makullin, hannuna har rawa yake yi, na jero masa sharuɗɗa sun fi goma. Shi dai "to, Baba" kawai yake cewa.

Daga Marwa zuwa bakin ruwa

Tsakanin Marwa da Garwa kimanin kilomita 210 ne. Hanyar na san ta kamar tafin hannuna, amma kullum a cikin lissafi nake bin ta. Wannan karon Hajiya ce ke nuna mini abubuwa kamar baƙo: farar ƙurar kamfanin siminti a Figil, tulin auduga a bakin ƙauyuka ana jiran motar ɗauka, cinkoson kasuwar Lahadi a Pitowa, sai duwatsun Tingelin masu shimfiɗaɗɗen kai da ke yi wa matafiyi albishir ya iso Garwa. Muka kwana a Hausare gidan aminina. Washegari ya ba mu mota da direba.

Muka haye gadar Binuwai, muka ɗauki hanyar Ngaundare, can gaba muka ratse hagu. Lagdo na kudu maso gabas da Garwa, kimanin kilomita 50 a miƙe, a mota ya ɗan fi haka. Kafin ka ga ruwan za ka fara ganin gonakin shinkafa da albasa da ake ba ruwa daga madatsar, kore shar a tsakiyar rani. Sai duwatsu biyu, madatsar a tsakaninsu. Daga nan kuma sai ruwa, iya ganinka.

Wallahi na yi shiru. Ni da na san Mayo Kaliyawo, wanda rabin shekara yashi ne yara ke buga ƙwallo a ciki, ban taɓa zaton akwai ruwa mai yawan wannan a arewacin Kamaru ba. Direban ya ce 'yan Sin ne suka gina madatsar, an fara a 1977 aka gama a 1982, shekarar da Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya sauka daga mulki. Tsayinta mita 40, tsawonta mita 308, tafkin da ta tara kuwa ya kai faɗin murabba'in kilomita 586. Injina huɗu ne a ƙarƙashinta masu ba da megawat 72, kuma daga nan wutar Garwa da Marwa da Ngaundare ta daɗe tana fitowa. Ashe ƙwan lantarkin da ke haska mini atamfa a shago daga ruwan nan yake sha. Shi ya sa in ruwan ya ja baya da rani ake yawan ɗauke mana wuta.

Mutanenmu na Najeriya kuwa da wata fuska suka san sunan Lagdo. In damina ta yi ƙarfi tafkin ya cika, dole a buɗe ƙofofi, ruwan ya bi Binuwai ya haɗu da na sauran koguna, ya sauka Yola da Makurɗi da Lokoja. A ambaliyar 2012 sama da mutum 300 suka rasu a Najeriya, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu, aka kuma sake ganin irinta a 2022. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a jihar Adamawa don ta tare ruwan, har yau ba a gama ta ba. Ina da abokan ciniki a Jimeta da ruwa ya ci musu kaya. Na tsaya ina kallon ruwan kwance lumui kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba.

Tsibirin

A bakin ruwa wani matashi ya tarbe mu da kwalekwale mai inji. Ya miƙo mana rigunan kariya masu ruwan lemo. Na so in ƙi, don ina ganin ba girmana ba ne in ɗora wannan abu a kan babbar riga, amma Hajiya ta riga ta saka nata a kan mayafi tana ta salati. Wannan ne karo na farko da ta shiga jirgin ruwa a rayuwarta. Ta riƙe gefen kwalekwalen da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta riƙe hannun rigata. Shekara 29 da aurenmu, ban tuna ranar da ta riƙe ni a gaban mutane ba.

Tafkin na da tsibirai da dama, tsofaffin kawunan duwatsu ne da ruwa ya kewaye. Akwai wanda ake kira Madagaska, inda masunta ke zaune. Namu kuwa da Faransanci Île aux Damans ake ce masa, wato tsibirin agwada. Tun kafin mu sauka na ga dalilin sunan. Ga su nan a kan duwatsu suna shan hantsi, kamar zomaye marasa kunne da wutsiya, ko gezau ba su yi da ganinmu ba. Matashin ya ce masana dabbobi sun ce agwada dangin giwa ce. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To ai kowane gida akwai wanda bai yi arziki ba."

Masaukin ba wani dogon bene ba ne. 'Yan bukkoki ne zagayayyu masu rufin ciyawa, irin waɗanda a nan Kamaru ake kira bukaru, an dasa su a tsakanin duwatsu, ƙofa na kallon ruwa. A ciki akwai gado da gidan sauro da makewayi mai tsabta, a waje kuma 'yar rumfa da kujeru biyu. Babu ƙarar moto, babu rediyon makwabci, babu mai sallama yana neman a ƙara masa kwana biyu. Na tambayi alƙibla aka nuna mini, muka yi azahar da la'asar ƙasaru a kan wani faffaɗan dutse.

Daga nan sai masifar ta fara. Na ciro waya, sabis sanda ɗaya, yana zuwa yana tafiya. Na hau wannan dutse, na sauka na hau wancan, ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Sau biyu kiran ya shiga, sau biyu ya yanke kafin yaron ya gama amsa sallama. Daren farko ban runtsa ba. Shirun ne ya dame ni. Ina kwance ina lissafin wanda zai zo karɓar bashi ranar Talata, da dilan da ake jira daga Mubi, da ko yaron ya tuna ya sa kwaɗo na biyu. Can wajen ƙarfe uku na ji wani gurnani daga cikin ruwa, mai kauri kamar ana jan turmi a kan siminti. Hajiya ta farka ta ce mene ne. Na ce ban sani ba. Da safe aka ce mana dorina ce.

Dattijon Yawuri

Bayan karin kumallo matashin ya ce zai zagaya da mu. Hazo ya kwanta a kan ruwa, kwalekwalen masunta na fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Muka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, muka hango kunnuwan dorina uku daga nesa, matashin ya kashe inji ya kauce musu da filafili. Ya ce ba a wasa da su, musamman mai ɗa.

Muka sauka a wani sansanin masunta. Nan na ji harsuna kamar a kasuwar Marwa: Fulatanci, Musgum, Kotoko, Larabcin Shuwa, sai kuma na ji wani ya ce, "A kawo wuƙar nan mana!" da Hausa tsantsa, irin ta yamma. Na juya na ga dattijo zaune a gindin rumfa yana gyaran raga, gefensa tanda na hayaƙi an shimfiɗa tarwaɗa ana banda. Na yi masa sallama. Ya ɗago ya dube ni daga hula har takalmi.

"Bakano ne ko?"

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka gane?"

Ya ce, "Wa zai shigo sansanin masunta da shadda mai sitaci in ba Bakano ba?"

Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, matan gidan suka ja Hajiya ciki. Basarke ne daga ƙasar Yawuri. Ya ce yana yaro aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya canja musu wuraren su, mahaifinsa ya kwashe su suka nufi tafkin Cadi. Da fari ya janye ruwan Cadi, sai labari ya zo cewa an tare Binuwai a Kamaru, kifi ya yi yawa har ba a san yadda za a yi da shi ba. Suka biyo. Ya ce a shekarun farko giwan ruwa mai girman mutum ba abin mamaki ba ne, mutum biyu ke ɗaukar ɗaya a sanda. Jama'a suka yi ta kwararowa daga ko'ina, kowa da ragarsa, idon raga na ta ƙanƙancewa, har aka koma kama 'ya'yan kifi da ba su kai yatsa ba.

Ni kuwa, Allah Ya shirye ni, tuni idona ya koma kan bandar. Na fara tambayarsa nawa kwali, nawa ake kai shi Garwa, nawa dako zuwa Mubi. A raina har na fitar da riba. Sai na ji muryar Hajiya daga bayan zana: "Alhaji, hutu ka zo ko saro?" Dattijon ya kwashe da dariya, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ba shi labarin faɗuwata da maganar likita.

Ya ci gaba da ɗinkin ragarsa, can ya ce, "Ka san yanzu hukuma na rufe ruwan nan wata uku duk damina, daga Yuli zuwa Satumba, ba a su, don kifi ya yi ƙwai? Da aka fara, mun yi ta zagi. Muka ce an zo a kashe mu da yunwa. Ni da kaina na sha fita da dare a ɓoye. Amma duk shekarar da aka kiyaye, in an buɗe sai ka ga bambanci a raga. Ruwa ma kenan, Alhaji, da ba shi da jini."

Na tambaye shi ko har yanzu yana shiga ruwa. Ya nuna mini wani kwalekwale da ke tahowa, samari biyu a ciki.

"Shekara shida kenan da na ba su. Ranar farko sun yaga mini raga sabuwa a kan kututture, na kwana ban yi musu magana ba. Amma da ban ba su ina raye ba, da ranar da na mutu za su fara koyo, ba kuma mai gyara musu raga." Ya ɗaga wadda ke hannunsa. "Yanzu su suna yagawa, ni ina ɗinkewa."

Da za mu tafi ya sa aka zaɓo mana giwan ruwa ɗanye, ya ƙi karɓar ko dala.

Maganar da ba a yi a gida

Da yamma masu masaukin suka gasa mana kifin, aka kawo da soyayyar ayaba da yaji. Na roƙa kada a sa gishiri da yawa. Muka zauna a rumfa ni da Hajiya, kwano ɗaya. A gida ni a zaure nake ci da baƙi ko da yaran shago, ita a ciki da 'yan mata. Na yi ta tunani ban gano ranar ƙarshe da muka sa hannu a kwano ɗaya ba. Rana ta faɗa cikin hazo ja wur, fitilun masunta suka fara kyaftawa a kan ruwa.

Sai ta ce, "Alhaji, akwai maganar da na kasa faɗa maka a gida."

Gabana ya faɗi. Na ce ina ji.

"Yaron nan zai tafi. Abokinsa da ke Kiye-Osi, bakin iyakar Gabon, ya samar masa wurin zama a wani shago. Ya ce bayan ƙaramar Sallah. Ya roƙe ni kada in faɗa maka sai ya shirya."

Na ajiye loma. Na ce me ya rasa a gidan ubansa? Ci, ko sha, ko sutura?

Ta ce, "Ba abin da ya rasa sai a yarda da shi. Shekara takwas, in zai sayi katin waya sai ya miƙo maka hannu. Sa'o'insa sun yi aure, wasu da 'ya'ya. In mai saye ya nemi ragin jaka ɗaya, sai ya ce a jira Baba ya dawo daga masallaci. Kai a shekarunsa kana da shagonka."

Na so in yi faɗa. Maganganu sun zo mini har baki. Amma a tsibiri ina za ka je? A gida da sai in shuri takalmi in tafi majalisa, in dawo an yi barci. A nan kuwa gaba ruwa, baya dutse, gefe kuma dorina. Dole na zauna na ji. Na tuna kawuna, Allah Ya jiƙansa, ranar da ya ƙirga mini turmi 40 ya ce in je in nemi rumfa, in biya shi in na samu. Shekarata 24 a lokacin, kuma sai da na yi asarar kusan rabi a shekarar farko. Bai karɓe ba.

Mun daɗe a rumfar nan. Ta faɗi nata, na faɗi nawa, har da tsoron da ban taɓa faɗa wa kowa ba: cewa in na saki makullin, ban san me zan zama ba. Mutum ne ni da ba shi da gona, ba shi da karatu mai zurfi, shagon nan shi ne sunana a gari. Ba ta ce komai ba, ta dai tura mini tsokar kifin da ta cire wa ƙaya. A daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, har sai da ta tashe ni sallar asuba.

Kira daga kan dutse

Rana ta uku ban nemi sabis ba sai bayan la'asar. Na yini ina kallon agwada, na yi barcin rana, na zagaya tsibirin a ƙafa a hankali. Da na hau dutsen kiran ya shiga tar. Na tambayi gida, na tambayi kasuwa.

Ya ce, "Baba, akwai abu biyu. Na farko, na yi kuskure. Na sayar da turmi shida a tsohon farashi, ban san an ƙara a Kano ba sai da dila ta iso." Na lissafa a raina, asarar ta kai kuɗin kwananmu ɗaya a tsibirin. Na haɗiye. "Na biyun kuma, mutumin nan na Mokolo ya zo neman kaya bashi. Na duba littafi na ga tun bara akwai saura a kansa. Na ba shi haƙuri na ce sai ya rage. Ya yi fushi ya fita, amma da yamma ya dawo ya biya rabi."

Mutumin nan wata 14 ina jin nauyin tambayarsa, saboda tare muka yi aikin hajji. Na yi shiru har yaron ya ce, "Baba, kana ji na?" Na ce, "Ina ji. Allah Ya yi maka albarka. Ka rufe da wuri ka je ka huta."

Ga mai niyyar zuwa

Tunda na dawo 'yan kasuwa ke tambayata, to ga abin da na gani. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Garwa kan haura digiri 40. A kama wuri tun kafin a taso, a kuma yi magana a kan jirgin da zai ɗauke ku da wanda zai dawo da ku, don kada a yi ciniki a bakin ruwa. A riƙe katin shaida, wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar ya riƙe takardunsa cikakku, saboda akwai shingayen jandarmomi a hanya. A tafi da kuɗi a hannu, da maganin da mutum ke sha, da rigar sanyi don asuba, da buta da darduma. Irin waɗannan wurare Turawa da ma'aikata ma na zuwa, saboda haka a faɗa musu tun farko irin abincin da ake so da wanda ba a so. Mu kifi muka ci har muka dawo. Kada a ƙi rigar kariya. Kada a bar yara su yi wanka a tafkin, saboda dorina da kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance. Kuɗin kuwa, duka da mota da jirgi da abinci, bai kai abin da na kashe a asibiti da kantin magani a makon da na faɗi ba.

Wanda kuma Lagdo ta yi masa nisa ko tsada, ba dole sai tsibiri ba. Mutanen Marwa ga tafkin Maga kusa da su, na Kano ga Tiga. Abin nema shi ne wurin da ba za ka iya shurar takalmi ka koma shago ba in magana ta yi zafi.

Mun iso Domayo ranar Alhamis bayan isha'i. Yaron na zaure yana jira, littafin bashi a hannu ɗaya, makulli a ɗaya. Ya durƙusa ya miƙo. Na karɓi littafin na duba shafi uku, rubutunsa ya fi nawa kyau. Na mayar masa, na ce makullin ma ya riƙe. Na ce daga yau shi zai buɗe da safe, ni sai ƙarfe goma, ranar Juma'a kuma ba zan fito ba sam. Na ce a cikin kowane turmi da ya sayar yana da kasonsa, za mu zauna mu yanka. Maganar Kiye-Osi ban ɗaga ba, shi ma bai ɗaga ba. Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce yana nan, yanzu ma maganar aurensa ake yi.

Awon da aka yi mini na ƙarshe 14 da 9 ne, likita ya ce a ci gaba da magani kada a yi sake. Ina ci gaba. Wani lokacin har yanzu hannuna kan kai aljihu neman makulli, in ji wayam, gabana ya faɗi kafin in tuna. Rannan na tsaya wajen mai gasa kifi a bakin titinmu, na tambaye ta daga ina karfasar ta zo. Ta ce wannan ta Maga ce, amma giwan ruwan na Lagdo ne. Na ce ta ƙunshe mini giwan ruwan, kada ta sa gishiri da yawa, a kuma raba biyu: ɗaya na yara, ɗaya namu ni da Hajiya.